Hoton babur ɗina na baƙi da fari yana fitowa kamar toka, ya zan gyara shi?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina da Boxer ja, na wanke shi tas na ɗauke shi hoto da waya a jikin katangar ƙasa ta ƙofar gidanmu wajen ƙarfe ɗaya na rana. Da kala hoton yayi kyau amma da na mayar dashi baƙi da fari sai komai ya dagule, tanki ya saje da katanga, salansa ta zama fari fat, taya da inji kuma sun dunƙule baƙi ƙirin. Na ƙara kwantiras abin ya ƙara lalacewa. Wayar ce bata da kyau ko ni ne nake kuskure?

Wa alaikumus salam ƙanina. Na buɗe hoton na zuba masa ido sosai, kuma tun farko bari in kwantar maka da hankali, wayarka lafiyarta ƙalau, ko babbar kyamara aka miƙa maka ka tsaya a wannan wurin a wannan lokacin abinda zaka samu kenan ko kusa dashi. Babur yana cikin abubuwan da suka fi ba mai hoto wahala a baƙi da fari, saboda rabin jikinsa madubi ne rabi kuma gawayi, ga salansa da wili da kariya suna walƙiya ga taya da sit da inji suna shanye haske, kai kuma so kake duka su fito a hoto ɗaya. Tun lokacin da muke wanke fim a ɗakin duhu nake wannan sana'a, har yau in aka kawo min babur sai na zagaya shi sau biyu sau uku kafin in ɗaga kyamara.

Mu fara da tankin da ya saje da katanga don shi yafi damuna a hoton naka. Idonka ja yake gani da ruwan ƙasa, a wajensa sun bambanta nesa ba kusa ba, amma da zarar an cire kala abinda ya rage kawai shi ne wane yafi wane haske wane yafi wane duhu. Lissafin da aka daɗe ana amfani dashi tun zamanin talabijin wajen mayar da kala toka, kore yana ɗaukar kusan kashi 59 cikin 100, ja kashi 30, shuɗi kashi 11, to jan fenti irin na Boxer in ya bi ta wannan lissafin toka mai ɗan duhu yake zama, jar ƙasar katanga ita ma nan kusa dashi take sauka, shi yasa ka nemi bakin tankin ka rasa. Kwantiras ɗin da ka ƙara kuma bazai taɓa raba su ba, shi aikinsa ya ƙara wa mai haske haske ya ƙara wa mai duhu duhu, abu biyu da suke toka iri ɗaya tare zai tura su gefe guda, ƙarshe sai dai ya ƙarasa ƙona maka salansa ya binne inji, wanda kuma shi ne abinda ya faru.

A zamanin fim gilashi mai kala muke ɗaurawa a idon kyamara, ja ko ruwan lemo ko rawaya ko kore, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce har gobe, kowace filta tana haska abinda yake kalarta ta duhunta kishiyarta. Jar filta tana mayar da jan tanki mai haske ta mayar da shuɗin sama baƙi-baƙi, koriya kuma tana danne ja yayi duhu. Yanzu wannan abin yana cikin aljihunka kyauta. Ka daina amfani da waccan filtar da ake dannawa sau ɗaya a galari, ka ɗauki hoton da kalarsa ka shiga dashi manhajar gyaran hoto ta Snapseed, a wajen baƙi da fari akwai wani ɗan da'ira na zaɓen filtar kala, ka gwada kore a kan wannan hoton naka zaka ga tankin ya nutsa yayi duhu katangar ta tsaya a tsakiya rubutun jikin tankin ya fito raɗau, ka gwada ja kuma zaka ga tankin ya taso yafi katangar haske. Ni don ra'ayina koren nafi so wa jan babur, yana bashi nauyi da kwarjini. In kana da manhajar Lightroom ma yafi daɗin aiki don shi kala 8 yake baka kowace da majanyinta, tankin yana ƙarƙashin ja, katangar yawanci tana ƙarƙashin ruwan lemo, sai ka ja ɗaya sama ɗaya ƙasa har su rabu.

Amma fa in akwai mutum a kan babur ɗin kayi hattara, fatarmu ta baƙar fata a wannan ruwan lemon da ja take zaune, in ka sauke shi don katanga tayi duhu fuskar mutumin ma zata bita, in kuma ka ɗaga shi da yawa zaka mayar da mutum kamar ya shafa hoda, ba kamanninsa bane. A irin wannan yanayin fuska ake fara saitawa sannan a nemo wa babur da bango mafita.

Sai dai duk wannan ceto ne muke yi, tun ran gini tun ran zane, kuma ginin naka ƙarfe ɗaya na rana ka yi shi. Mu nan Kano muna wajen digiri 12 ne arewa da ikwaita, da tsakar rana hasken daga bisa kai yake zubowa, wajen ƙarshen Afrilu da kuma ƙarshen Agusta ma rana ta tsakar kanmu daidai take bi. To ka duba yadda aka ƙera babur, tanki da sit suna sama kamar rumfa, inji yana ƙarƙashinsu, kenan da rana tsaka injin a cikin inuwar tankinsa yake zaune, saman salansa kuma yana fuskantar rana ido da ido. Babu wayar da zata iya riƙe waɗannan biyun tare. Ka jira bayan la'asar sakaliya lokacin da inuwarka tafi tsawonka, ko da safe kafin hantsi ya ɗaga, hasken zai shigo ta gefe ya ratsa ƙarƙashin tanki ya bi ta kan haƙarƙarin injin nan, kowane layi ya samu gefen haske da gefen inuwa, nan ne ƙarfe yake fitowa kamar ka taɓa shi. Kuma kar ka tsaya jan jiki, yammarmu bata da tsawo, rana tana sunkuyawa kafin ka farga an kira magariba.

Hazon hunturu da mutane suke ƙorafi a kansa, ni a wajena kyauta ce ga mai ɗaukar babur, sararin sama gaba ɗaya ya koma farin mayafi hasken yayi laushi, abinda masu situdiyo suke kashe kuɗi su haɗa da fitilu da farin yadi. Illarsa kawai hoton yana fitowa ba ƙarfi, wannan kuwa a editin ake mayar masa, a nan ne ƙara kwantiras yake da amfani. Inuwar dogon gini ko bakin babbar rumfa ma suna yi. Inuwar darbejiya ce bana so ko kaɗan, hasken da yake tsiyayowa ta cikin ganye ɗigo-ɗigo yake sauka a jikin tanki, a baƙi da fari sai ya zama kamar fentin ne ya ɓaɓɓare.

Yanzu maganar salansa, ka bani hankalinka nan don in ka gane wannan ka gane rabin ɗaukar babur. Farin ƙarfe mai sheƙi bashi da kala tasa, madubi ne aka lanƙwasa, duk abinda yake gabansa shi yake nuna maka. In ya kalli rana zai zama fari fat, in ya kalli baƙin kwalta zai zama baƙi, in ya kalle ka kana sanye da farar shadda zaka ga kanka ɗan mitsitsi a jikinsa. Saboda haka ba shi kake haskawa ba, abinda yake kallo kake gyarawa. Abinda yake sa ido ya yarda cewa wannan ƙarfe ne mai sheƙi kuma zagayayye shi ne doguwar zara fara a kwance kusa da doguwar zara baƙa, ba tare da tarkace a tsakani ba. Ka samu farin zanin gado ko babban farin kwali ka shimfiɗa a ƙasa gefen babur ɗin inda bazai shiga hoton ba, ko ka sa yaro ya riƙe maka, zaka ga farin layi mai santsi ya bi cikin salansar tun daga inji har wutsiya, kuma wannan zanin dai zai mayar da haske sama ya shiga cikin inji, jifa ɗaya tsuntsu biyu. In farin yayi yawa ta rasa siffa sai ka kawo baƙin yadi ka matso dashi har baƙar zara ta bayyana. Kai ma ka sa kaya masu duhu, ka kori 'yan kallo su koma bayanka nesa don duk suna fitowa a jikin tanki. Filasha kuma ka kashe ta kwata-kwata, ɗigon fari kawai take bugawa a ƙarfe ta sa lambar babur ta ƙone.

Masu kyamara suna yawan tambayata ko filtar CPL, gilashin rage ƙyalli da ake ɗaurawa a idon kyamara, zata kashe wannan ƙyallin. Tana rage shi a jikin fenti da sit da taya da gilashi, tana kuma duhunta sama, amma a kan tsiraran ƙarfe irin na salansa kusan bata taɓuka komai, ga shi tana cinye haske mataki ɗaya zuwa biyu, kowane mataki kuwa rabin hasken yake ragewa. Tana da amfani wa tanki, kar dai mutum ya saya yana zaton zata gyara masa salansa.

Akwai kuma abinda wayar da kanta take yi maka ba tare da ka sani ba. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya ɗauka duk abinda yake gani in an cakuɗa shi tsaka-tsakin toka ne, wanda masu hoto suke kira tokar kashi 18. In ka cika hoton da baƙar taya da baƙin inji sai ta ɗauka wurin duhu ne ta ƙara haske, salansa ta ƙone. Ka taɓa kan tankin a sikirin, ɗan hoton rana zai fito, ka ja shi ƙasa har sai ka fara ganin zane a jikin farin ƙarfen, a kyamara kuma ka rage kamar mataki ɗaya. Hoton zai yi maka kamar yayi duhu, ka barshi a haka. Wurin da yayi duhu ana iya tono shi daga baya, wurin da ya ƙone ya kai ƙarshen fari babu komai a cikinsa, duk yadda ka sauke hailait, wato majanyin wuraren haske, toka mai datti kawai zaka samu. In wayarka tana da bangaren Pro ka duba ko tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da wayar bata sarrafa ba, a waya yawanci DNG ake rubutawa, ka kunna. JPEG, wato hoton da waya ta saba ajiyewa, matakin haske 256 yake riƙewa a kowace kala, RAW na kyamara mai bit 12 yana riƙe 4096, mai bit 14 kuma 16384, wannan tazarar ce take sa ka ja shuɗi ƙasa a JPEG sama ta farfashe ta yi layi-layi amma a RAW ta tsaya sumul.

Wanki kam ka kyauta da ka yi, sai dai ka bi tankin da busasshen tsumma mai laushi daf da ɗauka, shatin yatsa da ɗigon ruwan da ya bushe sun fi fitowa a baƙi da fari fiye da a kala. Kar ka shafa wa taya mai don tayi ƙyalli, bayan haɗarin santsi a kan hanya tana ƙara zama baƙin dunƙule ne a hoto, 'yar ƙurar da ta kwanta a jikin zanenta ita ce ma take fito dashi. Kuma zan faɗa maka gaskiyar zuciyata, babur ɗin ɗan acaba da ya sha hanya, sit ɗinsa an ɗinke, an naɗe kariya da roba, fentin tanki ya goge daidai inda gwiwa take gogawa, yafi sabo dal daɗin ɗauka a baƙi da fari nesa ba kusa ba, don irin wannan hoton saƙa da tabo yake ci. Ko dai a wanke shi fes ko a barshi da tarihinsa, rabi da rabi ne yake zama kamar ƙazanta.

Tsayuwarka ma da gyara. A tsaye ka ɗauka kuma ka matso kusa, babbar kyamarar waya idonta mai faɗi ne wajen milimita 24 zuwa 26, duk abinda ya kusance ta kumbura shi take yi, shi yasa tayar gaba ta zama ƙatuwa ta baya ta tsuke. Ka ja da baya taku biyar ko shida ka danna 2x, mai kyamara ya sa milimita 50 zuwa 85, sannan ka durƙusa wayar ta zo daidai tsayin tanki ko ma inji. Ka ɗauko shi ta ɓangaren dama inda salansa take, can yafi cika ido, hagu cen ne da murfinsa. Ka kafe shi a kan ƙafa biyun nan ta tsakiya ya tsaya a miƙe, ka ɗan karya kan yadda wilin gaba zai nuna maka fuskarsa, ka cire leda da tarkacen makulli. Kuma ka janyo shi daga jikin bango kamar taku huɗu, jingina shi da katanga da kayi ya sa inuwarsa ta manne masa a baya ta haɗe da taya.

Bayan babur yana da muhimmanci sosai don shi ba kamar mota bane, jikinsa duk kafofi ne, ana hango baya ta cikin wili da ƙarƙashin tanki, duk wani falwaya ko wayar wuta ko bokiti da yake can sai ya cusa kansa cikin siffarsa. Babur mai duhu ka nema masa baya mai haske, mai haske ka nema masa mai duhu, bakin zaure daga waje yana bada baƙin baya mai kyau ƙwarai. In siminti ne ka yayyafa ruwa, ƙasan zai yi duhu ya ɗauko inuwar tayoyin. In kana son ganin yadda manya suka yi wannan aikin a nan yankinmu ka nemi hotunan Seydou Keïta da ya buɗe situdiyo a Bamako a 1948, a tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, yana ajiye Vespa da keke da rediyo mutane su tsaya dasu, da Malick Sidibé shi ma na Bamako wanda aka ba lambar Zakin Zinariya a bikin baje kolin fasaha na Venice a 2007, da Sanlé Sory na Volta Photo a Bobo-Dioulasso. Zaka ga sau da yawa bayan nasu ma ba fili bane, yadi ne mai zane ko ratsi-ratsi, ƙasa mai dara-dara, amma babur ɗin baya ɓacewa, ka tsaya ka lura da gefen tanki da gefen taya ka ga me suka sa a bayansu, kullum akwai bambancin haske a daidai wurin. Ni har yanzu ina komawa in kalle su.

In kuma kana son ɗaukarsa yana tafiya baya ya zama zare-zare, saurin shota, wato ƙiftawar idon kyamara, zaka rage zuwa 1/60 na daƙiƙa, in hannunka ya saba ka sauko 1/30, ka kafa ƙafafunka ka juya daga ƙugu kana bin babur ɗin, ka danna kana cikin binsa kar ka tsaya bayan ka danna. Waya yawanci buɗin idonta a kafe yake wajen f/1.8, da rana tsaka dole shotarta ta gudu dubbai, don haka sai gab da magariba wannan zai yiwu maka. Zaka ɗauki da yawa kaɗan su fito, haka abin yake ga kowa. Don Allah a fili ko layin da babu motoci, kuma mai tuƙin ya sa hular kwano, ba sai yayi gudu ba, tafiyar cikin unguwa ta isa.

A wajen editin, bayan ka raba kalolin, ka tabbatar akwai wuri ɗaya ƙarami da yake baƙi na gaske kamar ƙarƙashin madigadi, da wuri ɗaya ƙarami fari na gaske kamar ɗigon haske a bakin fitila, in babu waɗannan biyun hoto toka zai zama ko me ka yi masa. Daga nan ka ajiye majanyan da suke taɓa hoto gaba ɗaya ka ɗauki burushi. A ɗakin duhu da hannu muke yi, mu tare haske daga wani sashe na takarda ya fito da haske, mu ƙara wa wani sashe lokaci yayi duhu, kuma Snapseed yana da burushin da yake yin wannan aikin daidai. Ka sa shi a mafi ƙarancin ƙarfi, ka zuƙo hoton, ka bi haƙarƙarin inji da zanen taya da gefen sit ka ɗan haska su, ka duhunta ƙasan gaba da kusurwoyi da duk wani farin abu a baya da yake jan ido, ido wurin da yafi haske yake fara zuwa saboda haka kar ka bari bango yafi babur ɗaukar hankali. Majanyin nan da yake fito da ƙwayar abu, wanda Snapseed yake kira Structure, a kan inji kaɗai yake da kyau, in ka zuba shi ko'ina zaka ga farin kewaye ya bi gefen madubai da kan babur kamar an zana da alli, da na ga wannan nasan an wuce gona da iri. Manhajojin AI masu cewa zasu ƙara wa hoto kyau ma ka kiyaye su a kan babur, suna lanƙwasa wayoyin wili su ƙirƙiro haruffan da babu su a jikin tanki.

Wannan hoton da ka turo za a iya ceto tankinsa da koriyar filta, injin ma zai ɗan taso in ka bishi da burushi, salansar ce dai ta tafi. Ka sake fitar dashi ranar da kake da sarari bayan la'asar, taku huɗu daga katanga, farin zani a ƙasa, ka durƙusa ka rage haske, ka ɗauka da kala. In zaka turo min ta WhatsApp ka turo shi a matsayin dokumen, in ba haka ba matse shi zai yi santsin tokar tanki ya farfashe in kasa gane ko daga wajenka ne ko daga hanya, kuma ka haɗo min da na kalar wanda baka taɓa ba in ga inda aka faro.